Ɓeraye sun dawo da hunturu: tarko, guba ko siminti?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. An gama girbi, an ƙone ciyayin bayan gari, sanyin Jos ya sauko, kuma kowa ya san baƙon da ke biyo baya. Daga Gangare har Rikkos kukan ɗaya ne: silin na rugugi da dare kamar ana sukuwa, buhu a huje, sabulu a gwaguye. Tunda muna da masu sana'a iri-iri a zauren nan, a taimaka wa mutane. Amma don Allah ban da "je ka sayi magani" kawai. A faɗi wane, nawa, a ina za a sa, da abin da ke sa aikin ya ƙi ci.

Duba-gari: Wa alaikumus salam. Kafin a kashe ko sisi, a san da wa ake faɗa. Kashinsa ne shaidarsa. In ka ga ƙanana baƙaƙe kamar ƙwayar shinkafa, warwatse a kanta da bayan kwanuka, ƙaramin ɓeran gida ne. In tsawon kashin ya kai rabin inci, da tsini a bakinsa, baƙin nan ne mai hawa rufi, wanda wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo. In kuwa rami ka gani a gindin katanga wanda hannu zai shiga, ga tulin ƙasa a bakinsa, gafiya ce. Kowanne da girman tarkonsa. Tarkon ƙarami ba ya kashe babba, sai dai ya mare shi ya koya masa wayo.

Don gane hanyarsa, barbaɗa fulawa siririya a gefen bango da dare, da safe za ka ga sawu da jan wutsiya. Duba kuma baƙin maiƙo a jikin bango da katako, dattin jikinsa ne, don hanya ɗaya yake bi kullum. Ramin da kake shakka, cusa masa takarda a dunƙule. Bayan kwana biyu in tana nan, ramin ya mutu. In an turo ta, da mai shi a ciki.

Ɗan Autan Zaure: Baba Duba-gari, jaba fa? Ita ma a lissafin take?

Duba-gari: Jaba ba ɓera ba ce, ɗana. Dubi dogon bakinta. Ƙwari take ci, kyankyasai da gyare, shi ya sa shinkafar ɓera ba ta dame ta ba. Laifinta wari da tsuwa. In ta yawaita a gida, kyankyasai ne suka yawaita.

Hajiya Mai Hatsi: Ni dai zan fara daga inda maza ba sa son a fara. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Babban ɓera giram 20 zuwa 30 kawai yake ci a yini, ƙaramin kuwa kamar giram 3. Ke nan ɓurɓushin tuwon da ya faɗi bayan murhu ya ishe shi kwana. Gidan da ake barin kwanukan dare ba a wanke ba, dusa a buɗe, kwandon shara ba murfi, ko tarko ɗari aka ɗana ba zai kalla ba, don ya ƙoshi.

Masara, gero, acca, wake, garin kwaki, duk su koma mazubi mai murfi. Duron ƙarfe ya fi komai, na lita 200 yana cin buhu ɗaya da rabi na masara. Roba mai kauri tana yi wa ƙaramin ɓera, amma babba in ya samu gefen da haƙorinsa zai kama, zai huda. Sai dai a kiyaye, hatsin da bai bushe ba in aka kulle shi a duro funfuna zai yi. Gwajin ba wuya: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsin kaɗan da busasshen gishiri cokali biyu, a rufe a girgiza, a bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana.

Wanda kayansa suka fi ƙarfin duro, ya ɗora buhunan a kan dakalin katako mai tsawon ƙafa ɗaya ko fi, ya bar rabin mita tsakaninsu da bango, yadda mutum zai zagaya da tsintsiya da tocila. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwari don iska ba ta shiga, amma ɓera ya yi masa huji ɗaya an gama, don haka shi ma a ɗaga shi.

Birkila: Hajiya ta faɗi rabi, ga sauran rabin. Duk inda fensir zai shiga, wato kwatan inci, ƙaramin ɓera zai bi. Babba rabin inci ya ishe shi. Kansa ya wuce, jikinsa ya wuce. Wuraren da za a duba: inda fayif ɗin ruwa ya huda bango a kicin da banɗaki, don masu famfo sukan fasa bulo da faɗi su bar shi haka, ƙofar kwatar tsakar gida, murfin sokawe da ya tsage, ramin na'urar sanyaya ɗaki, da bulon iska na sito.

Yadda ake toshewa: a ƙwaƙule ramin a cire ruɓaɓɓen filasta, a jiƙa shi da ruwa, a cusa ragar waya a dunƙule ko soson ƙarfe har ya matse, sannan a bi da kwaɓi mai ƙarfi, siminti kwano ɗaya yashi kwano uku. Babban rami a ƙara tsakuwa. A riƙa yayyafa ruwa kwana uku, don iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, sai ya yi gari, ɓera kuma ya tone shi kamar ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne siminti ɗaya yashi takwas don tsimi. Tsumma, kwali, leda, katifa, kumfar gwangwanin nan da ake fesawa, duk shimfiɗa ka kai masa.

Inda dole ruwa ko iska su wuce, raga ake sawa, ta ƙarfe mai ruwan tutiya, idonta kwatan inci. Ragar sauro ba ta cikin lissafi, dare ɗaya zai yanka ta. Ragar kaji kuma idonta ya yi faɗi.

Kafinta: Oga Birkila ya tsaya a ƙasa, alhali rabin ɓerayen unguwanninmu ta sama suke shigowa. Tsakanin kwano da kan bango akwai gurbin da lanƙwasar kwanon ke bari, kowane ɗaya ƙofa ce. A cike shi da kwaɓi, ko a bi shi da raga a buga da ƙusa. Allon bakin rufi in ya ruɓe a canza. A gidajen da ke jere da rufi ɗaya, irin na haya, bangon tsakiya yakan tsaya daidai silin, sama kuwa fili ne daga ɗakin farko har na ƙarshe. Ɓeran mai ɗaki na ɗaya shi ne na mai ɗaki na takwas. Sai an ɗaga bangon ya taɓo kwano, ko a raba da raga.

Reshen mangwaro ko fiya da ya taɓa rufi a sare shi, a bar tazarar mita ɗaya ko fi. Itacen girki da tarin bulo kada su jingina da bango, tsani ne.

Sai ƙofa. Rufe ta da rana ka tsaya a ciki, in ka ga haske ta ƙasa har fensir zai wuce, a gyara. A yanko falle na kwano mai kauri, tsawon ƙafa ɗaya, a naɗe gindin ƙofar ciki da waje a buga. In dokin ƙofar ya cinye, Birkila ya ɗaga shi. Robar da ake liƙawa a gindin ƙofa ta ƙura ce, ba ta ɓera ba.

Duba-gari: Ina da gyara a kan tsari. In aka toshe ko'ina yau alhali suna cikin silin, an kulle su da mutanen gida. Yunwa za ta sa su fasa sabuwar hanya, sau da yawa ta cikin ɗaki, ko su mutu a inda hannu ba ya kai. A fara da ɗauke abinci da ɗana tarko, a toshe daga baya.

Birkila: Yallaɓai, ban yarda ba. Kana kwasar ruwa famfo na zuba. Ka kashe goma, goma sun shigo daga kwata. Macen ɓera cikin sati uku take yi, ta zubo shida zuwa goma, su kuma wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Yaushe tarko zai riski wannan?

Duba-gari: To mu raba. Ramukan ƙasa da ke haɗa waje da ciki, da ƙofa, da kwata, a toshe su ranar farko, na ba ka wannan. Amma babbar hanyar silin a bar ta, a jera tarkuna a ciki da bakinta. In aka yi dare biyar a jere ba kamu, ba motsi, fulawa ba sawu, sai a rufe.

Birkila: Wannan ya yi. Amma dare biyar ɗin nan a ƙirga shi da gaske.

Mai Tarko na Dilimi: Bari in shigo, don ana yawan cewa tarko ba ya aiki, alhali ɗanawar ce ba a iya ba.

Na farko yawa. Tarko ɗaya a gida wasa ne. Ɗaki da falo da kicin suna son shida zuwa goma, a dare ɗaya. Daren farko ne ake babban kamu, bayan nan waɗanda suka rage sun fara hankali.

Babban ɓera yana tsoron sabon abu. Ka ajiye tarko yau, zai iya kwana uku yana kewaye shi. Saboda haka a sa abinci a kai ba tare da an ɗana ba, dare biyu ko uku. Ranar da ka ga ana cinyewa a kowanne, ka ɗana su duka. Ƙaramin ɓera ba ya buƙatar wannan, shi ɗan bin ƙwaƙƙwafi ne, komai sai ya leƙa.

Wuri: ɓera gefen bango yake bi, gashin bakinsa na shafar bangon. Tarkon ya yi gicciye da bango, bakin da ke da abincin yana kallon bangon, yadda ko ta dama ko ta hagu ya zo zai taka. A tsakiyar ɗaki ba abin da za ka kama sai yatsan yaro. Na ƙaramin ɓera a jera kowane taku biyu zuwa uku, don ba ya nisa da sheƙarsa. Na silin a ɗaure shi da waya a jikin katako, in ba haka ba wanda aka kama a ƙafa zai ja shi ya tafi ya mutu a lungu.

Abin sawa: tunkuza, ƙuli-ƙuli, kan busasshen kifi, ko daddawa. Kaɗan, kamar ƙwayar wake. In ya yi yawa zai gutsura daga gefe ya tafi. Mai tauri a ɗaure shi da zare, don sai ya ja tarkon zai tashi. Mai hawa rufi yana son kayan itace, ayaba ko dabino sukan fi kifi ja masa rai. In ana cinyewa tarkon bai tashi ba, ƙugiyar ta shige da yawa, a ɗana ta a bakin-baki, a ɗiga man gyaɗa a mahaɗin in ya yi tsatsa.

Ɗan Autan Zaure: Oga, tarkon bokiti da ake nunawa a bidiyo fa?

Mai Tarko na Dilimi: Yana kama ƙanana sosai. Bokitin fenti na lita 20, ruwa kashi ɗaya cikin uku, a soke gwangwani da waya a gitta a bakin bokitin yadda zai riƙa juyawa, a shafa masa tunkuza, a jingina katako ya zama matakala. Babba yakan yi tsalle ya fita in ruwan ya yi kaɗan. Amma gidan da ke da mai rarrafe kada a yi shi ko kusa, ruwan da ya kashe ɓera ya isa ya kashe jariri in ya faɗa da ka.

Maman 'Yan Biyu: Gam ɗin nan na kwali fa? Shi ya fi arha, kuma ko'ina akwai shi a kasuwar Taminus.

Mai Tarko na Dilimi: Hajiya, a hunturu kwana biyu ƙura ta rufe shi ya daina kamu, sanyi kuma yana sa shi tauri. Babban ɓera yakan fizge ya bar gashi. Yana kama ƙadangare da tsaka da 'yan tsaki.

Malamar Jinya: Ƙari a kan haka, wanda ya manne yana raye yana ta fitsari da kashi don tsoro, mai ɗauka kuma da hannu zai ɗauka. Ta fuskar lafiya tarkon da ke kashewa nan take ya fi.

Malam na Gangare: Ta fuskar addini ma haka ne. Kashe ɓera halal ne, yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya halatta kashewa ko a Harami. Amma an umarce mu da kyautata kisa, kuma an hana azabtarwa da wuta. Abin da yara ke yi na zuba wa wanda aka kama kananzir a cinna masa ashana haramun ne, ga shi kuma in ya kuɓuce da wutar ya shige sito an ja wa unguwa gobara. Wanda ya kama da gam ya gama da shi da bugu ɗaya, kada a jefar da shi bola yana numfashi. Maganar rufe kwanuka da dare da Hajiya ta kawo ma tana cikin hadisi, tare da kashe fitila, saboda ɓera kan ja lagwani.

Likitan Dabbobi, Bukuru: Mu zo kan guba, don nan ne ake asarar rai. Iri biyu ne a kasuwa, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai mai kashewa nan take, baƙar hoda mai warin tafarnuwa, a takardarta za ka ga an rubuta Zinc phosphide. In ta haɗu da ruwan ciki tana sakin iska mai guba. Matsalarta biyu. Ɓera ɗanɗano yake fara yi, in ya ci kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai sake kusantar wannan abincin ba. Sai ka ga gawa huɗu ranar farko ka ce an gama, alhali sauran sun yi karatu. Na biyu, ba ta da makari. Yaro ko akuya suka ci, sai dai taimakon asibiti da ikon Allah.

Akwai kuma mai hana jini daskarewa, wadda ke zuwa a dunƙule kamar sabulu ko a ƙwayoyi masu launi, a kwalin an rubuta Bromadiolone ko Brodifacoum ko Coumatetralyl. Ita sai bayan kwana 3 zuwa 7 ɓeran ke mutuwa, don haka ba ya haɗa ciwon da abincin, 'yan uwansa ma su ci. Mutane sukan ce ba ta aiki don ba su ga gawa washegari ba, su ƙara wata gubar a kai. A yi haƙuri sati biyu. Makarinta bitamin K1 ne, ana samu a asibiti.

In dole sai an sa, wannan ta biyun, mai lambar NAFDAC, kuma ba a faranti ko takarda ba. A yanko fayif ɗin roba mai faɗin inci uku, tsawon ƙafa ɗaya da rabi, a huda tsakiyarsa, a ɗaure dunƙulen da waya a ciki, a kwantar da shi a gefen bango ta waje, a danne da bulo. Ɓera zai shiga, kaza da hannun yaro ba za su kai ba. Ɗaurewar tana da muhimmanci, don ɓera yana jan abinci ya kai wani wuri, gafiya kuwa a kumatu take kwasa, kun san tsira da na bakinki. Gubar da ka ajiye bayan gida sai ka same ta a akurki. A duba bayan kwana uku-uku, a bi adadin da kwalin ya faɗa, in an daina ci a kwashe ragowar.

Kyanwa ko kare da suka ci gawar na iya kamuwa. Mujiya ma haka, ita da ke rage mana ɓeraye kyauta duk da ƙin jinin da ake mata. A riƙa tsince gawa kowace safiya.

Maman 'Yan Biyu: Dakta, masu talla a kasuwa suna cewa nasu yana busar da ɓera ba wari, wai kuma yana sa shi ƙishi ya fita waje ya mutu.

Likitan Dabbobi, Bukuru: Zancen talla ne, Hajiya. Ɓeran da ba shi da lafiya sheƙarsa yake komawa. In sheƙar a silin take, can zai mutu, warin ya yi sati ɗaya zuwa biyu, ƙudaje su biyo, ƙumar jikinsa kuma ta sauko neman wani jinin. Abin da ke faruwa shi ne ƙaramin ɓera a busasshiyar iskar hunturu yakan bushe da wuri, sai a ce maganin ne. Shi ya sa cikin ɗaki da silin tarko, guba a waje.

Duba-gari: A ƙara da abubuwan da ba maganin ɓera ba ne sam. Fiya-fiya da Sniper maganin ƙwari ne, kuma tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper barkatai a kasuwa. Mafi muni ita ce ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake, wadda ake ce wa bom. Wasu na jefa ta a ramin ɓera cikin ɗaki ko a silin. Danshi na taɓa ta take sakin iska mai kisa, iskar kuma tana ratsa tsagar bango ta shiga ɗakin maƙwabci. Ba a sa ta a ginin da mutum ke kwana, ko da ɗakin a kulle yake. Hodar da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba ita ma a bar ta, don in tsautsayi ya faru likita bai san da me yake faɗa ba.

Malamar Jinya: In yaro ya ci, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A cire abin da ya rage a bakinsa, a ɗauki kwalin maganin a tafi asibiti da shi. Ko yaron na wasa garau a tafi, don mai hana jini daskarewa ba ta nuna kanta sai bayan kwana ɗaya ko biyu, da haɓo, ko jinin dasashi, ko baƙin kashi.

Sannan mu mutanen Jos bai kamata a tuna mana zazzaɓin Lassa ba. A 1969 aka fara gane shi, daga garin Lassa da ke jihar Borno a yau, kuma nan Jos aka kawo ma'aikaciyar jinyar mishan da ta fara kamuwa. A 1970 ya sake ɓarkewa a Jos, har ya kashe Dakta Jeanette Troup bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa. Mai ɗauke da shi wani ɓera ne matsakaici mai yawan nonuwa, macen takan kai 24, yana zama a gona da daji, ya shigo gida da rani. Shi ba ya ciwo, amma ƙwayar cutar na cikin fitsarinsa da kashinsa. Daga Disamba zuwa Afrilu aka fi samun masu ciwon. Da ido ba za ka tantance shi cikin duhu ba, don haka kowane ɓera a ɗauke shi kamar shi ne.

Alamu kan fito kwana 6 zuwa 21 bayan haɗuwa: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ciwon maƙogwaro, ciwon kai, kasala, amai. Zubar jini sai can daga baya, kada a jira shi. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki in an fara cikin kwanaki shida na farko. Wasu da suka warke sukan rasa ji.

Hajiya Mai Hatsi: Sista, to shanya fa? Masu shanya masara da garin rogo a kan duwatsu da bakin titi su kwana a can.

Malamar Jinya: Ita ce babbar hanyar, Hajiya. A shanya a kan tebur ko leda a sama, a kwashe kafin magariba. Abin da za a dafa da sauƙi, wuta na kashe cutar. Haɗarin yana ga abin da ake ci haka nan: garin kwaki da ruwan sanyi, ƙuli-ƙuli, dabino, burodin da aka gutsura. Wanda aka ga kashi a ciki ko alamar haƙori, a zubar, ba a yanke gefen a ci sauran. Yaran da ke farautar gafiya da ɓerayen daji in an ƙone ciyawa su ma a ja musu kunne, wajen feɗewa jinin ke shiga ciwon hannu.

Shara kuma ita ce inda mata suka fi kuskure. Ba a share busasshen kashin ɓera da tsintsiya, ƙurar ce ake shaƙa. A buɗe taga da ƙofa minti 30. A sa safar hannu ta roba, in babu a zura leda biyu, a rufe hanci. A haɗa bilic, Hypo ko Jik, gwangwanin madara ɗaya da ruwa gwangwani tara. A jiƙa kashin sharkaf, a bari minti biyar, a kwashe da takarda a ƙulle a leda, a goge wurin da sauran ruwan. Haɗin na yini ɗaya ne, gobe a yi sabo, kuma kada a gauraya shi da maganin wanke masai. Gawa ma a jiƙa ta da tarkon duka kafin a cire, a ƙulle a leda biyu, a binne da zurfin da kare ba zai tono ba, nesa da rijiya. Ba a jefawa a kwata ko kan titi.

Ɗan Autan Zaure: Duk wannan wahalar, ba gara a kawo kyanwa ba?

Likitan Dabbobi, Bukuru: Kyanwa na rage ƙananan, warinta ma yana sa su rage yawo a fili. Amma da yawa ba sa tunkarar babban ɓera, balle gafiya, kuma ba ta shiga cikin bulo. Wata ma kyanwar Lami ce, tana kallo ana wucewa. Zancen a bar ta da yunwa don ta yi farauta kuskure ne, gidan maƙwabta za ta koma sata. A ciyar da ita, a ɗauke kwanon da dare don kada ya zama na ɓera. Kuma a zaɓi ɗaya, ko kyanwa ko guba.

Mai Wayarin: Na'urar da ake soka wa a soket wai tana korarsu da ƙara, a bar kuɗin a sayi raga. Ƙarar ba ta ratsa bango ko kujera, sukan saba da ita cikin kwanaki, ga wutar ma ba kullum ba. Abin da ya shafe ni shi ne waya. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwaguya, rigar waya kuma daidai bakinsa. Wayar silin da aka ja tsirara ba bututu ita ce ke kawo gobarar da ake cewa ba a san dalili ba. In fitila na ƙiftawa, ko abin yanke wuta na faɗuwa haka kawai a gidan da ake jin motsi a sama, a kashe babban layi a hau a duba, a mayar da wayoyin cikin bututu. Masu mota kuma, da sanyin nan ɗumin inji ke kiransu. A daina ajiye ta kusa da bola, a daina barin abinci a ciki, wadda ta daɗe a tsaye a riƙa buɗe bonet ana dubawa.

Maman 'Yan Biyu: To wanda ke gidan haya mai ɗaki goma fa? Kai ka gyara, na kusa da kai bai gyara ba.

Duba-gari: Nan ne aikin mutum ɗaya ba ya isa, don babban ɓera yana yawon mita 30 zuwa 50 daga raminsa, ya haɗa gida uku ko huɗu ke nan. A yi karo-karo a sayi tarkunan tare, a ɗana a dare ɗaya a duk ɗakunan. Duro ɗaya mai murfi na shara, a fitar kullum da yamma, ba da safe ba, don kada ta kwana. A gyara famfon da ke ɗiga, don babban ɓera sai ya sha ruwa kullum. Masu kaji da tattabaru su ɗauke dusa da ruwa da magariba. Siminti da rufi da murfin sokawe na mai gida ne, a rubuta masa wuraren ɗaya bayan ɗaya. In kuwa bolar unguwa ce tushen, mai unguwa da hukumar tsaftar muhalli ta jihar Filato, PEPSA, za a samu a ƙungiyance.

Kafinta: Wanda ba shi da ikon taɓa ginin ma zai iya kare ɗakinsa: gindin ƙofa, ragar taga, da kusurwoyin silin huɗu, don nan katakon ke buɗewa. Raga yadi ɗaya da ƙusa ta inci ɗaya sun isa ɗaki guda.

Birkila: Kuma a sake zagayawa bayan ruwan farko na damina. Ƙasa na jiƙa take zaunawa, sabuwar tsaga ta buɗe a gindin bango da gefen kwata, ruwa kuma ya koro na cikin lambatu zuwa sama. A mayar da fulawar Baba Duba-gari a lokacin, dare biyu.

Ɗan Autan Zaure: Tarkon da ya taɓa kamu fa, wai sai an ƙona shi a wuta kafin wani ya yarda ya zo?

Mai Tarko na Dilimi: A'a, wuta tana kashe ƙarfin sifirin, ka lalata tarko a banza. Warin ɗan uwansa ba ya korarsa. Jiƙa shi da ruwan bilic ɗin Sista don lafiyarka, ka shanya ya bushe sosai har warin ya fita, ka ɗiga mai, ka matsar da shi taku biyu daga inda yake jiya.